Na Fara Sa Safa Irin Taka, Yaya

Zuwa ga yayana, Alhaji Sabi'u mai tumatir, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Ba zan tambaye ka gajiya ba, don ina kyautata zaton ka huta da ita.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai, a hukumance, cewa takalmina na gudu ya sami canjin wurin aiki. Ranar Talatar da ta wuce matata Hajara ta ɗauki na ƙafar hagu ta tokare ƙofar kicin da shi, wai iska tana bugo ta. Na dama yana ƙarƙashin gado yana jiran umarni. Ba a nemi shawarata ba, ba a kuma yi walimar ban kwana ba. Ga ni a falo, ƙafa a kan filo biyu, ina kallonsa yana bakin aikinsa, kuma gaskiya ya fi ni amfani a gidan nan.

Ba ka san takalmin ba, bayan rasuwarka na saye shi. Da muka yi maka addu'ar arba'in na je aka auna jinina, aka ce ciwon sugan da ya ɗauki Inna, ya ɗauke ka, ya iso bakin ƙofata. Ka san halina, duk abin da ya ba ni tsoro sai in je in karanta shi. Na karanta har na gano cewa maganin mai tumbi irina shi ne ya motsa. Sai ga malamin makaranta, ɗan shekara arba'in da takwas, ya idar da sallar asuba ya zuba da gudu a titin Agege, nan Legas.

Ranar farko saura kaɗan in biyo ka. Da singileti da wandon kaftani na fita. Ban kai layin dogo ba wata mai sharar ƙofar shago ta kwarma ihu, “Ole! Ole!” Ka san idan aka kira ɓarawo da Yarbanci a garin nan ba a tsayawa tambaya. Mai shayin bakin masallaci ne ya cece ni, ya tare mutane da ludayinsa yana rantsuwa cewa ni ke koyar da 'ya'yansu tarihi. Washegari na sayi riga mai ruwan ɗorawa, irin wadda ko mahaukacin ɓarawo ba zai sa ba.

Kwandastocin motocin haya na danfo ba su taɓa gajiya da ni ba. Kullum sai wani ya leƙo yana lilo a bakin ƙofa, “Aboki, who dey pursue you?” Wai wa ya koro ni. Ban taɓa ba su amsa ba, amma na san amsar. Kai ne, Yaya. Ƙafarka ce take bi na.

Ina tuna ƙafar nan tun tana da ƙarfinta. Ita ta yi dakon kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 kafin ka mallaki rumfa, ita ta tsaya a cikin taɓo har na gama makaranta. Idan na ce zan zo in taya ka ranar Asabar sai ka kore ni. “Furofesa, kai karanta, ni in taka.” Ban taɓa zama furofesa ba, amma sunan ya bi ni har majalisa.

Ina kuma tuna lokacin da ka fara sa safa. Baƙa, mai kauri, a tsakiyar zafin da ko kare ba ya barin inuwa. Ka ce sanyi kake ji a ƙafa. Wata rana a bakin famfon masallaci ka tambaye ni, kamar da wasa, “Furofesa, kwana nawa aka yarda mutum ya yi ta shafa a kan safa bai cire ba?” Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Na gyara tsayuwa na kawo maka abin da malamai suka faɗa, da inda suka saɓa, da hukuncin matafiyi da na mazaunin gida. Na yi minti goma ina zuba, kana gyaɗa kai. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban tambaye ka me ya sa kake tambaya ba.

Wari ne ya tona. Ƙusar akwatin kaya ce ta soke ka, ka rufe ƙafar wata uku, kana zuwa wurin Malam Idi mai ɗori a ɓoye yana sa maka magani. Da muka kai ka asibiti suka ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Ka ce, “Da biyu na zo Legas, da biyu zan koma.” Ni kuwa na tsaya a kanka, a gaban matarka da 'ya'yanka, na ce jahilci ne zai kashe ka, ba suga ba. Ka juya ka fuskanci bango. Ranar da ka amince a yanke, likitoci suka ce gubar ta riga ta shiga jini.

Maganar nan na ci gaba da faɗinta a wurin zaman makoki, sai dai na yi mata ado. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai na ce masa, “Wallahi mutanenmu ba sa son asibiti.” Kamar ni ba mutanenmu ba ne.

Shekara huɗu na yi ina gudu. Daga ƙofar gida zuwa Abule Egba in juyo, sau huɗu a mako. Tumbi ya sauka, suga ya sauka, baki ya ƙaru. Na zama mai wa'azi a majalisa, duk wanda ya zuba cokali huɗu a shayi sai ya ji tarihinka daga bakina. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, na so abin don kansa. Akwai wani wuri da ƙamshin burodi ke tare mutum daga gidajen gashi, gari bai gama farkawa ba, numfashi ya daidaita da taku, kai ya yi shiru. A duk Legas nan ne kaɗai nake daina jin tsoro.

Mako biyar da suka wuce aka kwana ana ruwa. Na taka murfin kwata da ya tsage, ƙafar hagu ta gurɗe, na ji wani ɗan ƙas kamar an karya tsinken sakace. Na tsaya, na taka, na ce ba komai. Da gudu na koma gida. Na ƙara mako biyu ina gudu a kanta, ina ɗingishi idan ba kowa, ina miƙewa idan na hango mutane. Ban je asibiti ba, domin na san abin da za su ce: ka daina. Idan na daina kuwa, wanda yake bi na zai cim mini.

Da kumburi ya hana takalmi shiga, ka san inda na je? Zauna da kyau, Yaya. Wurin Malam Idi na je. Shi dai, mutumin Maraɗin nan na bayan kasuwar shanu, wanda na taɓa cewa ya kamata hukuma ta rufe masa ɗaki. Ya tsufa, amma bai manta ba. Ya dube ni ya ce, “Ba kai ne ƙanen Alhaji ba, mai Turancin nan?” Bai ƙara da komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya shafa man shanu, ya ja har na kira sunan Inna, ya jera karare ya ɗaure tamau, ya yi tofi. Ya ce kwana bakwai zan yi tsalle. Ban ga laifinsa ba. Bai tambaye ni ko ina da suga ba, ni kuma da na san muhimmancin maganar ban faɗa ba.

Kwana biyar na kwance ɗaurin, na tarar kara ya ci fatar gefen ƙafa. Ɗan ciwo ne, bai fi farcen babban yatsa ba. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne ban ji zafinsa ba ko kaɗan. Na zauna a bakin gado ina kallonsa. Na san sunan abin da nake kallo da Turanci, na san matakansa ɗaya bayan ɗaya, na gan su a jikinka. Sai na buɗe durowa na ɗauko safa.

Na ce wa Hajara sauro ne ya dame ni. A makaranta na ce targaɗe ne. A bakin famfon masallaci, inda ka yi mini tambayar nan, na jiƙa hannu na shafa a kan safa, na miƙe na bi sahu. Kwana goma sha ɗaya ina yi. Ni nake wanke safar da kaina a banɗaki, in shanya a bayan buta.

Rannan na manta ta a cikin bokiti. Hajara ta shigo falo riƙe da ita da yatsu biyu, ta tsaya a kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, na wanke irin wannan a gidan Yaya. Ba zan wanke ta a gidana ba.” Ta sa mayafi ta fita ta tsayar da keke mai ƙafa uku.

Likitar Bayarbiya ce, ba ta girmi ɗaliban da na yaye ba. Ta ɗaga hoton ƙafar a fitila ta nuna mini: ɗan ƙashin da ke gefe, wanda ya nufi ƙaramin yatsa, ya karye kuma ya ƙi haɗuwa, saboda na yi ta dukansa da kwalta. Ta ce wannan mai sauƙi ne, daga baya za a sa masa ƙarfe. Ciwon fatar ne ya fi damunta. Sai an kwantar da ni, an shiga da ni ɗakin tiyata an kankare shi, an ga iya zurfinsa. Na tambaye ta yaushe zan koma gudu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Baba, bari mu fara maganar tafiya tukuna.” Ta ba ni takardar amincewa in sa hannu. Na ce sai na yi shawara da iyali, alhali iyalin tana tsaye a gefena tana harara ta. Likitar ta wanke ciwon, ta ba ni magani, ta ce kada in wuce mako guda.

Kwana shida takardar tana cikin wani littafin tarihi, na sa ta alamar shafi. Na karanta ta ya fi sau ashirin. Akwai layi ɗaya da ya ce idan likita ta ga abin da ba a zata ba, za ta yi abin da ya kamata. Na san me ake nufi da abin da ya kamata. Daga nan nake rufe littafin.

Yanzu a kan kujera nake salla, a ƙarshen sahu, tsakanin tsofaffi biyu da suka karɓe ni hannu bibbiyu kamar sun daɗe suna jira. Sama da shekara arba'in ina zaman tahiya ban taɓa lura cewa a kan ƙafar hagu nake zama ba. 'Yan majalisa sun zo dubiya, suka sha shayi da suga son ransu a gabana. Ɗayansu ya ce, “Furofesa, ashe an kamo ka.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Har yanzu jikina yana tashina a kan lokaci, in idar da asuba in zauna da sanda a hannu ina jin danfo suna wucewa. Na'urar awon suga kuwa kowace safiya sai ta ɗan ƙara a kan jiya. Na zama mai faɗa. Shekaranjiya na yi wa Hajara tsawa a kan gishiri, ta ajiye kwanon ta fita, na bi ta da ido don ba ni da ƙafar bin ta.

A zaman nan ne na gane me safa take yi wa mutum. Muddin tana ƙafa, babu abin da ya faru tukuna. Kai ne dai Alhaji mai rumfa wanda ake gaisarwa, ni ne dai malamin da ke gudu. Ranar da aka cire ta, ranar ce za ka koma mara lafiya, a riƙa yin maganarka a gabanka kamar ba ka nan. Kai ka ɗauki kaya a ka shekara ashirin da ƙafar nan, ita ce kaɗai ba ta taɓa ba ka kunya ba a garin mutane. Ni gudu kawai na yi da tawa, na nishaɗi, kuma ga yadda na rikice. Ina ta tunanin bangon da ka juya ka kalla. Yanzu na san abin da ke jikinsa.

Yau da safe na sa hannu. Sunan ya fito kamar na ɗan aji ɗaya, amma ya fito. Hajara ta karɓe takardar ta sa a jakarta tun ban canja shawara ba. Gobe bayan asuba za mu tafi, a daidai lokacin da na saba ɗaura takalmi. Ban san da me zan dawo ba. Ina roƙon Allah da biyu. Idan an bar mini gudu na gode, idan tafiya kawai aka bar mini zan karɓa, in taka har maƙabarta in tsaya a kanka.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ya saka maka kowane taku da ka yi a cikin taɓo domin mu. Ya haɗa ka da Inna a inda babu ciwo, babu abin ɓoyewa. Mu kuma Ya ba mu lafiya, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ƙanenka,
Furofesa.

Na cika takarda ina kewaye-kewaye, kamar yadda na saba. Ga abin da na zauna in rubuta tun farko. Maganar da na faɗa maka a asibiti ba gaskiya ba ce. Tsoro kake ji, kuma ƙane kake nema a ranar, sai ka sami malami. Ni na yi kuskure. Ka yafe mini.