Ashe Samira Tana Jin Hausa

Daren Talata, kwanana biyar a Jidda

Ban yarda da Samira ba. Ita ke kula da kayan ɗakin bincikenmu, kuma tun zuwana Larabci kawai take yi mini: "Yalla, halas!", wato in yi sauri in gama. Jiya a gabanta na kira Yaya Bala a waya, na saki baki da Hausa. Na ce shugabarmu Dakta Huda ba abin da ta iya sai tsawa, ta mai da ni mai wankin kwalabe. Samira ko ɗago kai ba ta yi ba.

Yau kwalbar gwaji ta fashe ta yanke ni. Kafin in yi ihu Samira ta riƙo hannuna ta ce, "Wayyo, sannu! Bari in kawo auduga." Hausa tsaf! Sai ta yi sauri ta kau da kai. Wataƙila jikar alhazanmu ce da suka zauna nan.

Da la'asar na hango su a ofis ita da Dakta suna ƙus-ƙus. Takardar iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, tana kan teburin Dakta, ba a sa mata hannu ba tukuna.

Yatsan dai na ɗaure shi. Da ma bakina na ɗaure tun jiya.