Duƙushin da Aka Haifa Ranar Makoki

Litinin, 4 ga Nuwamba

Sai yau na gane, da Lamine likitan dabbobi ya ɗago kai ya ce, "Inna, duƙushin nan ya sha nonon farko kuwa?" Goɗiyar ta haihu da safiyar da aka kai maigidana, baban Samira, makwancinsa. Gida ya cika da masu gaisuwa, ita kuwa tana ta harbi, sai Kawu Rabilu ya sa aka ja ta gidan maƙwabta. Duƙushin aka manta da shi bayan rumbu har washegari.

Lamine ya taɓa gwiwar dama, ta kumbura, da zafi. Ya matsa cibiya, mugunya ta fito. Wai ta nan ciwon ya shiga jini ya sauka a gaɓa, tunda bai sha abin da zai tsare shi ba. Mu muna ta cewa uwar ce ta taka shi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kawu ya zo da ƙarfe wai a yi sakiya. Na ce likita ya hana. Ya ce, "Ke da kike takaba, ina ruwanki da turke?" Ni dai ban tashi daga bakin turken ba har ya tafi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Gwiwar hagu ma ta soma.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Lamine ba zai iya zuwa nan Korgom daga Tasawa kullum ba, ya koya mini allurar. Ya ce ko duƙushin ya tashi, ɗingishin ba lalle ya bar shi ba, ban da sukuwa. Baban Samira da ya yi shekara yana shafa cikin goɗiyar nan, yana cewa wannan zai tsere wa dawakin garin Kona duka...

Duƙushin ba ya iya tsayuwa ya sha. Ni nake tallafe ƙirjinsa, Samira ta riƙe uwar.

Jumma'a, 15 ga Nuwamba

Da hantsi na tarar ya tashi da kansa, ƙafa uku, yana sha. Ya kama bakin zanena yana tauna. Samira ta ce ta ji dariyata. Ni ban ji ba.

Na ci tuwo na cinye.

Gwiwar hagun ba ta sace ba, har yanzu a kumbure take. Har yanzu ban sa masa suna ba, mai sa wa dawakin gidan nan suna ba ya nan.