Kaji Sun Mai da Ni Ɗan Adawa

Assalamu alaikum Malama Afra'u. Don Allah ki agaza mini, al'amarina ya rikice.

Ni magidanci ne a Kademi, ban taɓa shiga siyasa ba. Kwanan baya ɗan takarar kansila na jam'iyyar yayana, Yaya Hadi, ya raba wa mata 'yan tsakin gidan gona, kowace da ƙullin maganin kashe ƙwayoyin cuta, wai a riƙa zubawa a ruwan shansu kullum don su yi saurin girma. Maiɗakina Zaituna ta samu. Ni kuwa ina da wata ƙasida da aka ba ni a asibiti a Gaya, na karanta ta har ta fara yagewa. Ta bayyana ƙarara cewa ɗura wa lafiyayyar kaza wannan magani yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da mutum ya kwanta ciwo kuma magani ya ƙi ci.

Saboda haka na ɓoye ƙullin a cikin hulata ta Sallah, sannan na yi bayani a majalisa bayan la'asar, cikin ladabi, da misalai. Washegari 'yan adawa suka zo ƙofar gidana da makaɗi suna kirana Dakta. Har fosta suka buga da hotona, wanda na ɗauka ina fama da ciwon ido. Yaya Hadi ya ce zagon ƙasa nake yi masa, yanzu da ka yake amsa gaisuwata. Ɗan tsako ɗaya ya mutu. Kyanwa ce ta kama shi, amma Zaituna ta dage cewa da ya sha magani da ya fi haka gudu.

Ina tsoron rasa ɗan'uwana, ina kuma tsoron naman kajin. Yaya zan yi?

Mai Ƙasida, Kademi

Wa alaikumus salam, Malam Mai Ƙasida. Ƙasidarka ba ta yi ƙarya ba, lafiyayyar kaza ba ta buƙatar wannan magani. Sai dai maganar da ta dace da zauren yayanka ka kai majalisa ana tsakiyar kamfe. Kajin kuma jarin Zaituna ne, ka ɗauke mata abu ba shawara.

Fito da ƙullin daga hula, ka ba ta haƙuri, ku kira malamin dabbobi. Shi zai faɗi rigakafin da ya dace, da lokacin ba da magani, da kwanakin da ake jira kafin a yanka. 'Yan adawa kuwa, ka gode musu, ka ce su sauke fostar.

Sannan ka je ka durƙusa ka gai da Yaya Hadi, ka kawo shawarar ɗan takararsu ya ɗauko malamin dabbobin ya wayar da kan matan unguwa. Idan Yaya Hadi ya tashi a taro ya ce tunaninsa ne, ka daure ka tafa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya sauran kajin.