Kakan da Kika Mayar Balarabe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa ta Ƙofar Taramniya.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Ina sanar da ke an dakatar da maganar auren jikanki Bello, kuma ke ce sanadi.

Kin san al'ada, ba a ba da ɗiya sai an binciki asali. Dangin yarinyar, masu rini na Ƙofar Kware, sun tambaye ni, na faɗi abin da kika koya mini da bakinki: "Ubana Balarabe na, daga Gadamas." Suka tafi suka tambayi tsofaffi, suka aiko mini cewa ko dai ban san gidanmu ba, ko ina ƙarya.

Ni, Inna! Ni da mata ke zuwa ɗaukar karatu a ɗakina.

Na yafa zane na bi sawu. Na sami Baba Madugu, wanda yana saurayi ya jawo raƙuma a ayarin da ya kawo mahaifinki. Ya yi dariya har da tari. Ya ce Larabcin mutumin ko ruwa ba zai roƙa masa ba. Bajamushe ne, maƙerin kwaɗo da bindiga. Ya biyo wasu 'yan ƙasarsu, zazzaɓi ya kwantar da shi a nan, su suka wuce, shi ya zauna. Ya musulunta, aka sa masa Sa'idu, ya yi aure, ya haife ki.

Yanzu na gane dalilin da kike dulmuya gashina cikin shuni tun ina ƙarama, kina cewa ado ne, ashe jansa kike ɓoyewa. Har kuka nake, kina danne kaina tsakanin gwiwoyinki.

Kin ga inda kika bar mu? Mutanen gari na kallon Bello jinin Nasaran da suka ci ƙasarmu. Nasaran kuwa yaƙi suke da Jamus, tsoro nake maganar ta kai bariki. Mutumin da ya rasu tun kafin su zo, aka yi masa salla, aka kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, mene ne abin kunya a gare shi? Kin san sunansa na yanka da sunan garinsu, kika tafi da su. Madugu bai riƙe ko ɗaya ba.

Na san an tsokane ki kina yarinya. Na san tsoro ne, ba mugunta ba. Amma Bello ya daina cin abinci, Inna.

Gobe da hantsi zan je gaban uban yarinyar da kaina, Bello na biye da ni. Zan ce kakana Sa'idu Bajamushe ne, Musulmi, maƙeri. In za su hana, su hana a kan gaskiya.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan shi, ya haɗa ku a Aljanna. Na yafe miki don kada a tsare ki a kaina, amma ban huce ba.

'Yarki,
Asma'u