Abokin Gardamar Baba

Gazawa, farkon damina

Zuwa ga Yaya Hafsatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina gaida mutanen Gidan Rumji baki ɗaya. Na ba direban da ke zuwa kasuwarku wannan takarda don maganar ba ta waya ba ce. Na san halinki, in na aiko da murya a tsakar gida za ki buɗe ta kowa ya ji.

An rufe lakol, makarantar da nake koyarwa, na je Sae Sabuwa na duba Baba. Ƙafar ta yi sauƙi, idon ne dai sai a hankali. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yadda ya saba amsa mini tun shekarar da na gaya masa na bar salla, kuma zuciyata ba ta yarda da kowane addini ba: lafiya, ya aiki, madalla. Daga nan ya koma kan tasbaharsa. Na kai masa magani da sabon bargo, ya ce a ajiye.

Ina zaune a zaure sai ga Auta, Kiristan nan mai lambun zogale a bakin fadama. Bai gama sallama ba Baba ya gyara zama, ya ce a shimfiɗa tabarma mai kyau. Yaya, da idona na ga Baba yana dariya har yana share hawaye. Auta ya ce an gicciye Annabi Isa ya mutu ya tashi, Baba ya ce ba a kashe shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Wannan ya kawo aya, wancan ya kawo aya, suna miƙa wa juna ludayin fura. Da Auta zai tafi Baba ya ce masa, "Gobe ka zo da hujja mai ƙwari, ta yau ta sha ruwa."

Mutumin da ke cewa Allah yana da ɗa, shi ake shimfiɗa wa tabarma. Ni ɗan cikinsa, da ban ce komai a kan Allah ba, ko wurin da nake ba ya dubawa.

Na san Kiristoci, ina zama da su. A lakol ɗinmu akwai Madam Maryama, mutumiyar kirki, amma tun da ta gane ba na zuwa masallaci take kawo mini ƙananan littattafai. In ina magana tana saurare da murmushi, sai dai na lura jira take na gama ta faɗi abin da ta zo da shi. Suna ganin tulun da babu ruwa ya fi sauƙin cikawa. Kin tabbata ba haka Auta yake yi da Baba ba, yanzu da tsufa ya kama shi?

Ki gaida yara. Naki ƙane,
Rilwanu

Gidan Rumji

Assalamu alaikum, ƙanena Rilwanu,

Takardarka ta iso, mun gode Allah da kana lafiya. Yara suna gaishe ka, maigida ma.

Na karanta har sau biyu, na yi dariya, daga baya kuma na ji tausayinka. Wai kai ne yau kake tsoron a raba Baba da addininsa. Yaushe addinin Baba ya fara damunka? Ka faɗi gaskiya, kishi ke cinka, irin na yaron da aka yi wa ƙane.

Gardamar Baba da Auta ta girme ka. Ina goyon ka a baya suke yin ta a gindin gawon gonarmu, in an huta daga noma. Auta bai musulunta ba, Baba bai fasa salla ko ɗaya ba. Ranar da Inna ta rasu, Auta ne ya fara kawo itace da hatsi, ya tsaya daga nesa har aka gama jana'iza. Da ɗiyarsa ta yi aure a majami'a, Baba bai shiga ba, amma ya zauna a bakin ƙofa har aka fito.

Kai kuma ba gardama ka kawo wa Baba ba. Ka zo ranar salla, ka faɗa masa magana ɗaya, ka hau moto, babur ɗin nan naka, ka koma Gazawa. Mi kake so ya ce? Ni kaina kullum ina roƙon Allah ya shirye ka, ko ka so ko ka ƙi.

Ka bar tsofaffi su sha furarsu. In kana son tabarma, ka zauna a kanta.

Allah ya tsare. Yayarka mai gaya maka gaskiya,
Hafsatu

Sae Sabuwa

Yaya Hafsatu,

Ina gaisuwa. Na ga takardarki, kuma kamar kullum kin ɗauki ɓangarensa.

Na dawo gida don in taya su noman farko. Na samu Auta a lambunsa yana tsinkar zogale, na ce na zo mu yi magana irin wadda yake yi da Baba. Ya yi murna, ya ba ni kututture na zauna. Na tambaye shi, in Allahnsa mai ƙauna ne kamar yadda suke waƙa, me ya sa duk damina sauro ke kwashe yaran garin nan, na Kirista da na Musulmi. Na tambaye shi wane laifi ne jaririn da aka haifa jiya ya gada. Na shirya tambayoyina tun daga hanya, ban bar masa mafita ba.

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce shi ma ya binne 'ya'ya biyu, kuma bai san amsar ba. Ya ba ni labarin Ayuba, na ce na sani. Ya ce Almasihu ya sha wahala tare da mu, na ce wahalar wani ba ta sauke zazzaɓin yaro. Daga nan ya ce zai yi mini addu'a. Kullum nan suke ƙarewa, Yaya. In ka kore su daga kowace kusurwa sai su shige addu'a, inda ba ka iya bin su. Na kayar da shi, amma na taso kamar ni aka kayar.

Da la'asar ya zo gida ya ba Baba labari yana dariya, wai ɗanka ya fi ka iya gardama. Baba ya juya maganar zuwa ta tsutsar gero.

Abin ya tsaya mini a rai. Da na haɗu da Baffa Mas'ud a bakin masallaci na ce masa ya kamata a sa ido, don na ji Auta yana karanta wa Baba Linjila, kuma idon Baba ba ya ganin abin da ake buɗe masa. Ban yi ƙarya ba, yana karantawa. Baffa ya ce zai duba.

Gobe zan koma Gazawa. Ki huta lafiya,
Rilwanu

Sae Sabuwa

Rilwanu,

Sallama dai wajibi ce, don haka assalamu alaikum. Daga gida nake rubuto maka, na baro yarana na taho.

Ka san abin da maganarka ta haifa? Baffa bai tsaya dubawa ba, ya tara 'yan'uwa ya hana Auta shiga gidan. Magana ta fita gari cewa Kirista zai juyar da Babanmu Malam Iro a kan gadon ciwo. Samari sun je sun karya masa dangar lambu, awaki sun shiga sun cinye zogalen. Matarsa ta kwashe jikoki ta tafi wurin danginta a Cadawa don tsoro. Sai da mai gari ya sa baki aka lafa.

Kai ka fi kowa sanin yadda irin wagga magana take kama wuta a ƙasar nan, kai da kake ɓoye taka ga kowa sai mu. Auta ya san halinka shekara da shekaru, bai taɓa faɗa wa mutum ɗaya ba.

Baba ba ya cin abinci. Kullum in la'asar ta yi sai ya ce a shimfiɗa tabarma, a shimfiɗa, a naɗe. Ya tambayi Baffa wa ya kawo maganar, Baffa ya faɗa masa. Bai zage ka ba. Da ma ya zage ka.

Ban san da wace addu'a zan rufe ba. Allah ya kyauta.
Hafsatu

Sae Sabuwa

Zuwa ga ɗana Rilwanu,

Ni ne Auta, salama a gare ka, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Hafsatu ce ta ce in rubuto, na ce ba ni da abin faɗa, ta ce in rubuta hakan ma.

Kada ka damu da lambu, zogale yana tohowa. Maganar da ka gaya wa Mas'ud kuma akwai gaskiya a cikinta. Ina so babanka ya bi Almasihu, ina roƙon haka kowace safiya. Shi ma yana so in yi kalmar shahada kafin in mutu, ya ce ya ajiye mini likkafani. Mun gaya wa juna wannan tun muna da ƙarfin riƙe hauya. Ban taɓa ɓoye masa ba, kuma kai ma ba zan ɓoye maka ba, ina so ka ba da gaskiya.

Da zan faranta maka rai sai in ce kullum hirarka muke yi. Ba haka ba ne. Babanka yana magana a kan komai, daga Annabi Nuhu har farashin wake, amma in sunanka ya fito sai ya yi shiru. Ni yana iya gardama da ni yana dariya, domin in na ɓata, maƙwabci ne ya ɓata. Kai kuwa ko tambayarka ba ya iya yi, yana tsoron amsar.

Na san wannan shirun. Da na zama Kirista ina saurayi, mahaifina haka ya yi mini. Na yi fushi, na ce sai ya fara kirana. Ina jira aka aiko mini ya rasu.

Tambayoyinka na lambu har yanzu suna damuna, ban samu amsa ba. Ba zan shiga gidanku ba sai wanda ya rufe ƙofar ya buɗe, kuma ba Mas'ud nake nufi ba.

Ubangiji ya kiyaye ka. Ka yi haƙuri, ba na iya rufe takarda ba tare da wannan ba.
Babanka Auta

Sae Sabuwa

Yaya Hafsatu,

Ina gaisuwa, ki gaida yara.

Na zo jiya. Na gaya wa Baffa a gaban mutane cewa ni na zuga magana. Yau da hantsi na ɗauko Auta a bayan moto, na ratsa da shi ta tsakiyar kasuwa har ƙofar gida.

Baba ya rame. Ya sha fura kaɗan. Ba su daɗe ba suka koma kan gicciye, kamar jiya suka rabu. Ina daga bakin zaure, har yanzu abin yana sukana, ba zan ɓoye miki ba. Gardama ta yi zafi, sai Baba ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Kai da ba ka da ɓangare, matso ka raba mu."

Na matsa. Na ce ni a ganina duk su biyun ba su da hujja. Suka taru a kaina.

Da aka kira azahar Baba ya nemi buta, ni na zuba masa ruwa. Ya tada salla, ni da Auta muka zauna muna jiransa ya idar.

Naki ƙane,
Rilwanu