Gauraka a gonar Birnin Tudu

Daren Laraba, Talata Mafara

Yau ma ban samu hoton gaurakan nan ba, ga shi fim ɗaya ya rage mini. Da sassafe na kafa kyamara bisa ƙafafunta uku a fadamar Birnin Tudu. Gauraka biyu sun sauka, haske ya yi daidai, sai ga dattijo mai gonar da sauri yana kaɗa hula. Suka tashi.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, in awo za a yi, ai sai a nemi mai wuri tukuna."

Sai lokacin na gane. Da irin ƙafafun nan uku masu awon aikin madatsar ruwa suke zuwa, kuma gonar da suka leƙa, katafila ce ke biyo bayansu.

Na ce, "Baba, tsuntsaye kawai nake ɗauka. Leƙa ka gani."

Ya daɗe da ido a gilashin. Ban san abin da ya gani ba, na so in tambaya. Shi ya riga ni: "In an baje wurin ga, hoton yana nan?"

Na ce yana nan.

"To gobe ka bar ƙarafan ga gida. Gauraka ba su yarda da mutum tsaye. Ka taho da hauya, ka duƙa kusa gare ni, sun saba da mai noma. Amma ka sa gonar cikin hoton."

Duk littattafan hoton da na karanta, babu wanda ya ambaci hauya. Na aro ta maƙwabcina, tana bakin ƙofa.