Motarka Ta Tashi, Yaya Ilu

Zuwa ga yayana Iliyasu, wanda aka sani da Ilu Direba, a duk inda yake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni ne ƙanenka Haruna kafinta, daga Jibiya. Inna tana gaishe ka, mutanen gida duka suna gaishe ka. Fataken goro zan ba takardar su kai ta zangon Kumasi, a ƙasar da ka sani da Gwalkwas, wadda yanzu aka ce sunanta Gana, don can ne aka yi maka ganin ƙarshe. Da gangan na ƙi rufe ta. Duk wanda ta faɗa hannunsa ya karanta, in ya san ka ya miƙa maka, in bai san ka ba ya ba na gaba.

Maganar motarka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na yi abin da ban tabbata ina da ikon yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa maka yadda aka yi tun daga farko.

Ka tuna ranar da ka kawo ta? Ba ka daɗe da barin soja ba, ka saye ta a gwanjo, matacciya, ba fitila ba kujera. Wata mota ta jawo ta har bakin gari, daga nan shanun maƙwabta suka ƙarasa aikin. Sai da muka fasa katangar gida kafin ta shiga. Ka ce kada a sake gina wajen, a sa zana kawai, tunda ta nan za ta fita. Ni kuwa na tsaya ina dariya, na raɗa mata suna Akurki. Ban yi ƙarya ba, don kafin mako ya zagayo kajin Inna sun fara ƙwai a mazaunin direba. Ka harare ni ka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Lissafinka ba na wauta ba ne, wannan na yarda. Duk kaka motocin gyaɗa na tsallako iyaka daga Maraɗi, su tsaya wajen kwastan, su wuce Katsina zuwa Kano, mu muna gefen hanya muna shan ƙura. Ka ce kai za ka ji da inji, ni in ji da katako. Na yi mata bodi da hannuna, kai ka kwance injin nan ka wanke shi ƙarfe ƙarfe, ka mayar. Abu guda ya gagara, kafireta, wannan da ke shayar da inji mai. Tata ta fashe. Ka nema a Katsina, ka nema a Kano, ba a dace ba. Wani abokinka na soja ya aiko cewa irin motar ta cika Kumasi, kuma akwai aikin tuƙi a can. Ka ce za ka je ka yi aiki kaɗan, ka dawo da ita kafin a cire gyaɗa.

Da za ka tafi ka ɗora motar a kan kututture don kada tayoyi su ruɓe. Ka damƙa mini ƙarfen nan da ake zura mata a gaba a murɗa, ka ce: “Duk Juma’a ka juya mata inji, Haruna, ko ba ta tashi ba. In ka bari ya kame, an gama.”

Na juya, Yaya. Allah ne shaidata, na juya. In an sauko daga masallaci ko riga ba na tuɓewa sai na murɗa ƙarfen nan, injin ya yi numfashinsa na tsohon jaki, in ɗiga masa mai, in rufe. An cire gyaɗar shekarar, an cire ta shekarar da ta biyo baya, ba kai ba saƙonka. Gara ta cinye bodin da na yi, na sake wani, na shafe shi da baƙin mai. Matarka ta yi haƙuri iyakar haƙuri, daga baya alƙali ya raba auren, yanzu tana Gangara da ’ya’yanta. Kada ka riƙe ta a zuci, ni ma ban riƙe ta ba.

Idanun Inna sun tafi. A hankali abin ya zo, yanzu sai dai ta bambance rana da inuwa. Amma kunnenta ya fi na kowa a gidan nan. Duk motar da ta tsaya a kan iyaka sai ta ɗaga kai ta saurara, sannan ta koma kan abin da take yi. Ta sa an mayar mata da tabarma kusa da Akurki. In ina juya inji takan ce in ƙara ɗaya. Kuma tana da magana guda da ta faɗa wa duk wanda ya shigo gaishe ta, har yara sun haddace: ranar da ta ji kukan motar nan, ta san Ilu ya dawo.

Ana nan sai ga Abdu makanike, wani mutumin Maraɗi mai gyaran manyan motoci. Ya zo in yi masa bodin wata mota, ya leƙa ta saman zana ya hango taka. Ya roƙi ƙarfen, ya murɗa sau ɗaya, ya dube ni ya ce wannan kamyo, wato babbar mota a bakinsu, ba ta mutu ba, wani ya yi mata jinya. Ya ce in sayar masa. In kuma ba na so, yana da kafiretarta a garejinsa, zai kawo ya ɗaura mini in ci moriyar abina.

A Maraɗi, Yaya. Garin da matan unguwarmu ke zuwa bikin suna su dawo. Na buɗe baki in tambaye shi ko tun lokacin da ka tafi akwai ta a can, sai na fasa, don na ji tsoron amsar. Har yau ban tambaya ba.

Ga abin da ya fi damuna, kuma dole in faɗa. Da Abdu ya ce zai saya, daɗi na ji. Daɗi sosai, irin na wanda aka sauke wa kaya daga ka. Na ce a raina abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Nan take na fara auna filin da ido, ina ganin inda zan yi rumfar aiki da inda zan ƙara wa yara ɗaki. Ina da hujjoji kamar ƙasa: ni ban iya tuƙi ba, an kashe maciji a ƙarƙashinta bara, gida ya yi mana kaɗan. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Na gaji da jiranka ne. Ina jin haushinka, haushin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ba a jin haushin wanda ba a san ko yana raye ba. Da na gane haka kunya ta rufe ni, na kasa haɗa ido da motar.

Sai na shiga gaba kura baya sayaki. In na sayar, na saki amanar da ka ba ni hannu da hannu, kuma kamar na gaya wa gari cewa mun fid da rai. In na gyara ta tashi, Inna za ta ji kukan da ta daɗe tana jira, ta miƙe tana laluben ɗanta, ta kama ni. Na je wajen Liman, ya ce dukiyar wanda ya ɓace ba a cin ta, amma ba a kuma zuba ido ta lalace. Na fito da fatawar da na shiga da ita. Abincin kirki ya gagare ni, matata ta fara tambaya ko ciwo nake ɓoyewa.

Daga ƙarshe na yi abin da ya kamata in fara yi. Da hantsi na sami Inna tana ɓarar gyaɗa, na zauna a bakin tabarmarta na kwashe duka na faɗa mata, har da daɗin da na ji. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi mini faɗa. Ba ta daina ɓara ba. Sai ta ce na yi wa motar abin da ko mai ita ba zai fi haka ba, in bar wa Abdu ita. Amma da sharaɗi.

“Da igiya ta shigo gidanga, kamar mushe,” in ji ta. “Kar ta hita haka. A gyara ta nan, ta hita da ƙahwarta.”

Na tuna mata maganar da take faɗa wa mutane, na ce ina tsoron abin da kukan zai yi mata. Ta lalubo gwiwata ta dafa.

“Ran da za a tashe ta, ka zo ka riƙe hannuna. Ka hwaɗa mani da bakinka ba shi ba ne, don kar zuciya ta ruɗe ni.”

Jiya aka yi. Abdu ya tsallako da kafiretar a cikin tsumma da tayoyin aro, muka sauke ta daga kan kututture, na yaye zanar da ka ce a sa. Unguwa ta taru. Na miƙa wa Abdu ƙarfenka, na je na durƙusa gaban Inna na riƙe hannunta biyu. Ya murɗa ta yi tari, ya sake ta yi tari, can sai ta kama. Yaya, ashe haka muryarta take. Ƙasa ta ɗauki rawa, kaji suka watse, hayaƙi ya cika tsakar gida, yara na tsalle. Aikinka bai tafi a banza ba, ko ƙarfe ɗaya ba ka ɗaura a karkace ba, Abdu ma ya faɗa.

Inna ta ƙara damƙe hannuna. Na sunkuya daidai kunnenta na ce: “Inna, ba shi ba ne. Abdu ne na Maraɗi.”

Ta gyaɗa kai, ta ce ta sani. Ta saurari injin na ɗan lokaci, fuskarta a juye wajen kafar katanga. Sannan ta ce, a hankali yadda ni kaɗai na ji: “Ka dai leƙa.”

Na tashi na leƙa, Yaya. Na fita har kan hanya, na duba wajen Katsina, na duba wajen iyaka. Ni da na san komai, ni ma sai da na duba fuskar duk wanda ke tahowa.

Motar tana nan har ranar kasuwa, ranar Abdu zai tsallaka da ita. Abin da ya bayar ba zan taɓa ba. Karsana zan saya da sunanka in ba masu kiwo a Bugaje, in ka zo ka karɓi abinka da ’ya’yanta. Na so in gina katangar bana, na fasa. Zanar zan mayar yadda take.

Ka yafe mini, ɗan’uwana. Ka ba ni ajiya na sake ta, kuma ni ne na faɗa wa mahaifiyarmu da bakina cewa ba kai ba ne. Ban san abin da zan yi da hannuwana ba ranar Juma’a in an sauko. In abin da ya hana ka dawowa kunyar zuwa hannu wofi ce, wallahi ba mai tambayarka kafireta, mun samu. Ka zo haka nan. In ba za ka iya zuwa ba, ka aiko da kalma ɗaya ta bakin kowane falke, tun Inna tana ji.

Allah ya tsare ka in kana raye, ya warware abin da ya ɗaure ka, ya nuno maka hanyar gida. In kuma ka riga mu, Allah ya jiƙanka, ya sa a hannun mutanen kirki ka cika, ya ba Inna haƙurin da ni ba ni da shi. Amin.

Naka da bai daina leƙa hanya ba,
Haruna kafinta, Jibiya.